Gent: Birnin da Ya Kusa Rushe Fadarsa

A 'yan shekarun nan ɗalibanmu da ke samun gurbin ƙaro karatu a Turai sun ƙaru, kuma ƙasar Beljiyam na cikin wuraren da suke nufa. Akasarinsu idan suka sami hutun kwana ɗaya ko biyu, Faris suke dosa, a ɗauki hoto a gindin hasumiyar ƙarfe a aiko gida. Wanda ya ɗan yi tambaya kuwa, birnin Buruj ake nuna masa, domin shi ne ke kan katin gaisuwa. Ban ƙi ko ɗaya ba. Amma duk wanda ya nemi shawarata, Gent nake tura shi, kuma a filinmu na wannan mako ina so in faɗi dalili. Buruj kyakkyawa ne, sai dai kyansa irin na amaryar da aka zaunar a ɗaki ne don 'yan kallo. Gent kuwa gari ne da ke cikin hidimarsa, akwai jami'a, akwai tashar jiragen ruwa, akwai masana'antu, tsofaffin gine-ginensa suna tsaye a tsakiyar wannan hada-hada, kuma kowannensu na da labarin yadda ya tsira.

Birnin yana yankin Filandas, wato arewacin Beljiyam inda ake magana da Holanci, tafiyar kamar rabin awa a jirgin ƙasa daga babban birnin ƙasar. An kafa shi a mahaɗar koguna biyu, Skelde da Leye, kuma ruwan nan shi ne asalin arzikinsa. Tun a tsakiyar zamani attajiran Gent ke sayo gashin tumaki daga Ingila, masaƙan garin su mai da shi tufafin ulu, fatake su bazu da shi cikin Turai. A ƙarni na 14 mutanen garin sun kai kimanin dubu 60, adadin da a arewacin tsaunukan Alf birane ƙalilan ne suka kai shi, in ka ɗebe Faris. Ya kamata mai ziyara ya riƙe wannan a ransa, domin kusan duk abin da zai gani, kuɗin saƙa da fatauci ne suka gina shi.

Wurin farawa shi ne gadar Sint-Mikil. Daga kanta mutum zai hango hasumiyoyi uku a jere kamar an ja musu layi: ta majami'ar Sint-Nikolas, sai hasumiyar ƙararrawa ta gari, sai ta babbar majami'ar Sint-Bafo. Idan ya juya hagu zai ga gaɓar kogi da ake kira Graslei, tsohuwar tashar jiragen ruwan birnin, da jerin gidajen ƙungiyoyin masu sana'a. Akwai gidan 'yan fito na 1531 mai ado kamar an yi masa aikin allura, akwai gidan ma'auna, akwai wani ɗan mitsitsin ofishin karɓar kuɗin fito da aka matse tsakanin manyan gidaje biyu. Wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne mafi rashin ado a cikinsu, wani siton hatsi na baƙin dutse da aka gina wajajen shekarar 1200. Gent na da dokar da ta tilasta wa jiragen hatsin da ke wucewa ta kogunanta su sauke wani kaso na kayansu a ajiye a garin na wani lokaci kafin a sayar. Manufar a fili take: garin da ke cike da masaƙa marasa gona ba ya wasa da rumbu, domin ranar da burodi ya yi tsada, ranar tarzoma ce.

Hasumiyar ƙararrawar nan ita ce zuciyar maganata. Tsawonta mita 91, an soma ta a 1313, aka kammala a 1380, kuma a ƙololuwarta akwai wani dodo mai fuka-fukai na tagulla da aka shafe da ruwan zinari. Sarki bai gina ta ba, limaman coci ma ba su gina ta ba. Mutanen gari ne suka gina abarsu, su ne kuma ke da ikon kaɗa ƙararrawar da ke cikinta: a kaɗa ta don buɗe aiki da tashi daga aiki, a kaɗa ta in gobara ta tashi, a kaɗa ta in abokan gaba sun doso. A wani ɗaki na ƙasanta aka riƙa ajiye takardun 'yancin da garin ya karɓa daga hannun masu mulki, cikin akwati mai makullai. Saboda haka idan ka tsaya a gindinta, kana kallon kundin tsarin mulki ne da aka rubuta da dutse. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin kayan tarihin duniya a 1999 tare da sauran irinta na ƙasar. Jingine da ita kuma akwai zauren cinikin tufafi da aka soma a 1425, inda ake duba ingancin kowane bandir kafin a buga masa hatimin gari.

Yadda wannan 'yanci ya ƙare shi ne labarin da kowane ɗan Gent ya sani. Sarkin sarakuna Sharl na Biyar, wanda mulkinsa ya haɗa Sifaniya da Jamus da yankunan Amurka, a Gent aka haife shi a 1500. Da ya nemi garin ya biya harajin yaƙinsa da Faransa, mutanen suka ce takardunsu ba su ɗora musu wannan ba, har abin ya kai ga tawaye a 1539. A 1540 ya iso da runduna. Aka kashe jagororin tawayen, aka soke takardun 'yanci, aka ba da umarnin sauke babbar ƙararrawar da ake kira Rolan, aka rushe yawancin tsohon gidan sufaye na Sint-Bafo aka gina sansanin sojan Sifaniya a gurbinsa don a sa wa garin ido. Sannan aka sa manyan gari suka yi jerin gwano ba takalmi zuwa gabansa suna neman gafara, wasunsu da igiyar rataya a wuya. Abin mamaki, wannan wulaƙanci shi suka mayar kirari. Har yau 'yan Gent na kiran kansu masu igiya a wuya, kuma a bikin garin na kwana goma da ake yi kowane watan Yuli sukan maimaita jerin gwanon da fararen riguna da igiyoyi. Na daɗe ina tunanin wannan hali. Mu a nan, abin kunyar tarihi binne shi muke yi, kuma tare da shi muke binne darasinsa.

Daga nan sai fadar da na ambata a kan wannan rubutu, wadda ake kira Gravensteen, ma'ana dutsen sarakunan Filandas. Basarake Filif na Alsas ne ya gina ta a 1180, bayan dawowarsa daga ƙasar Sham a zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibi, kuma masana na ganin ganuwoyin da ya gani a can sun yi tasiri a fasalinta. Katanga ce mai kauri da ƙananan hasumiyoyi a kewaye, ruwa na lasar gindinta, a tsakiya kuma wani dogon soro. Wanda ya hau saman soron zai fahimci wa aka gina ta domin ya tsorata: tana kallon cikin gari ne, tana gaya wa attajirai masu gidajen dutse cewa akwai na gaba da su. A tsakiyar ƙarni na 14 sarakunan suka ƙaura zuwa wani gida mafi daɗin zama, fadar ta zama kotu da kurkuku, ta kuma taɓa zama gidan buga kuɗi. Kayan azabtar da fursunoni da aka baje a wasu ɗakunanta shaidar wannan zamani ne, kuma ba na ba mai raunin zuciya shawarar ya daɗe a wurin.

Sai dai ɓangaren tarihinta da ya fi amfani gare mu shi ne na baya-bayan nan. Wajajen 1800 wani ɗan kasuwar garin mai suna Lifen Bawens ya yi fasa-ƙwaurin injin kaɗi daga Ingila, a lokacin da fitar da irinsa babban laifi ne. Cikin 'yan shekaru Gent ta cika da masaƙun auduga har ana yi mata laƙabi da Mancestar nahiyar Turai, laƙabin da, abin sha'awa, Turawa matafiya suka yi wa Kano irinsa a wannan ƙarnin saboda saƙa da rini. Fadar ma ba ta tsira ba. An sayar da ita, aka kafa masaƙa a cikin soron, aka kafa bututun hayaƙi, aka manna ɗakunan leburori a jikin katangar ciki da waje har ba a iya ganinta. Da masaƙar ta tashi, sai aka kawo shawarar a rushe kangon a yanka filaye. Hujjojin masu wannan ra'ayi ba baƙi ba ne a kunnenmu: wuri ne na ƙazanta, tarihinsa na zalunci ne, gari na bukatar hanya da fili. Wasu tsirarun masu kishin tarihi suka ƙi, suka yi ta rubutu da matsa wa hukuma lamba, har gari da gwamnati suka riƙa sayen wurin kashi-kashi. A 1893 aka soma gyara a ƙarƙashin mai zanen gine-gine Yosef de Wale. Ginin da a yau ake layin sayen tikiti don a shiga, saura ƙiris ya zama shaguna.

Ba zan ɓoye wa mai karatu cewa gyaran na da masu suka ba. De Wale ya ƙara abubuwan da yake zaton haka fadar take a ƙarni na 12, har wasu na cewa abin da ke tsaye rabinsa mafarkin ƙarni na 19 ne. Haka zancen yake ga Graslei da ƙololuwar hasumiyar ƙararrawa da ita kanta gadar Sint-Mikil: yawancin wannan fuska ta tsufa an gyara ta ne, ko an gina ta, dab da bajekolin duniya da garin ya karɓi baƙuncinsa a 1913. Ni dai ina ganin wannan ya ƙara wa wurin daraja a idon mai nazari. Yana nuna cewa tsohon gari ba ya wanzuwa don kansa. Sai wata al'umma ta zauna ta yanke shawarar me za ta riƙe, ta zuba kuɗi, ta jure gardama.

Akwai kuma abin da ɗan Afirka bai kamata ya wuce shi ba game da bajekolin na 1913. A cikinsa an kafa abin da suka kira ƙauyen Senegal, aka kawo mutane daga can aka zaunar da su ana biyan kuɗi ana kallonsu, haka ma wasu mutane daga tsibiran Filifin. A lokacin Kongo na hannun Beljiyam, kuma an gina mata katafaren zaure a bajekolin don tallar mulkin mallaka. Hannun da ya share wa Graslei fuska, shi ne ya kafa wancan shinge. Garin ya soma fuskantar wannan tarihi a makare: a ranar 30 ga Yuni, 2020, ranar da Kongo ta cika shekara 60 da samun 'yanci, hukumar birnin ta cire gunkin Sarki Liyofol na Biyu daga wani lambun shaƙatawa. Mai ziyara ya ji daɗin kyan wurin, amma ya tafi da idonsa biyu.

A babbar majami'ar Sint-Bafo, mai hasumiya ta mita 89, akwai abin da ya fi komai jawo baƙi zuwa Gent: wani allon zane mai ninkuwa da 'yan'uwa biyu, Hubat da Yan fan Aik, suka yi, aka kammala a 1432 da kuɗin wani attajirin garin da matarsa. Jigonsa na addinin Kirista ne, kuma wanda ba Kirista ba zai shiga ne a matsayin ɗalibin tarihi, ya kiyaye ladabin wurin ibadar mutane. Gwanintar aikin ta wuce misali. Masana tsirrai sun iya tantance gomman furanni da itatuwa a cikinsa, kuma za ka ga hasken taga a jikin ɗan dutsen ado da bai kai ƙwayar gero biyu ba. Amma tarihin yawon allon ya fi zanen kansa ba ni abin tunani. A 1566 an ɓoye shi a hasumiya don gudun masu farfasa gumaka. A 1794 sojan Faransa suka kwashi tsakiyarsa zuwa Faris, aka dawo da shi bayan faɗuwar Nafoliyon. A 1816 aka sayar da fuka-fukansa, suka ƙare a Balin, kuma ba su dawo ba sai da yarjejeniyar Basai ta 1919 ta rubuta ƙarara cewa Jamus ta mayar da su. A yaƙin duniya na biyu 'yan Nazi suka sake kwashe shi, aka same shi a 1945 cikin ramin haƙar gishiri a Ostiriya.

A lura da batun fuka-fukan nan. Sayensu aka yi da kuɗi, ba ƙwace ba, duk da haka Turai ta ga dacewar a mayar da su gidansu, har ta sa a cikin yarjejeniyar sulhu. To, duk ranar da wani ya ce maka mayar da kayan tagullar Benin da aka wawashe a 1897 abu ne mai wuyar shari'a, ka tuna masa da allon Gent. Ɓangare ɗaya ne kawai bai dawo ba. A watan Afrilun 1934 ɓarawo ya shiga da dare ya cire fallaye biyu, ya mayar da ɗaya, ya nemi fansar faran miliyan ɗaya kan ɗayan, mai hoton alƙalai adalai. Wani ɗan kasuwa ya ce a gadon mutuwarsa shi kaɗai ya san inda yake, ya cika bai faɗa ba. Kwafi ne ke gurbin har yau.

Sauran wuraren zan ratsa su da sauri. Zauren majalisar gari gini ɗaya ne mai fuska biyu, domin an soma shi da salon Gotik a farkon ƙarni na 16, aiki ya tsaya, da aka dawo bayan shekaru yayi ya sauya, sai aka ƙarasa da salon Italiya. A cikinsa aka ƙulla sulhun 1576 tsakanin lardunan ƙasar a kan sojan Sifaniya. A dandalin kasuwar Juma'a akwai gunkin Yakubu fan Artefelde, attajirin da ya haɗa kai da Ingila don kada gashin tumaki ya yanke wa masaƙa, mutanen da ya yi wa hidima kuma suka kashe shi a 1345. Majami'ar Sint-Mikil an zana mata hasumiyar da za ta haura mita 130, kuɗi suka ƙare, ta tsaya guntuwa. Ashe aikin da aka yi watsi da shi ba a kanmu aka fara ba. Akwai kuma unguwannin mata masu ibada da ake kira begainhof, gidaje ƙanana cikin katanga inda a da matan da ba su da aure suka riƙa zama suna ciyar da kansu da sana'a, ɗaya daga ciki tun 1235. Wanda ya gaji da hayaniya ya je can. Wanda kuma yake son ganin gardamar zamani, ya tsaya a ƙarƙashin rumfar katako da gilashi da aka kafa a 2012 tsakanin hasumiyoyin, wadda masu adawa da ita suka raɗa wa suna garken tumaki. Ni ta burge ni, ko da yake na san da yawa ba za su yarda da ni ba.

Na san wani zai ce dutse daban, tubalin laka daban, kuma gaskiyarsa. Ganuwar Kano da soraye irin na Zariya da Katsina suna bukatar yaɓe bayan kowace damina, alhali katangar Gent za ta yi ƙarni ba a taɓa ta ba. Amma abin da ya kusa cinye Gravensteen ba ruwan sama ba ne, masu yankan filaye ne, kuma su ne ke cin badalar Kano a yau, wadda ke jerin jiran UNESCO tun 2007 tana raguwa. Can ma ba gwamnati ce ta fara farkawa ba.

Hasumiya ta huɗu na ajiye wa ɗalibai, domin ba ta kan hanyar 'yan yawon buɗe ido. A kan tudun da ya fi ko'ina tsayi a garin akwai hasumiyar littattafai ta Jami'ar Gent, dogon gini na kankare mai mita 64, wanda Henri fan de Felde ya zana a shekarun 1930, yana ɗauke da littattafai kimanin miliyan 3. Ba ta da ado ko kaɗan, kuma da gangan aka ɗora ta inda za ta yi kafaɗa da hasumiyoyin coci da ta gari. An kafa jami'ar a 1817 tana koyarwa da Latin. Bayan Beljiyam ta sami 'yanci a 1830 sai ta koma Faransanci, harshen masu mulki da attajirai, alhali mutanen da ke kewaye da ita Holanci suke yi a gida da kasuwa. An shafe shekaru ana gaya musu cewa harshensu na manoma da 'yan aiki ne, ba zai ɗauki likitanci ko shari'a ba. Suka yi ta fafutuka a majalisa da kan titi, har a 1930 Gent ta zama jami'ar farko a ƙasar da ke koyar da dukkan fannoni da Holanci. Hasumiyar ta tashi ne a shekarun da suka biyo bayan wannan nasara. Ɗalibin da ya fito daga ƙasar da masu magana da Hausa suka ninka masu Holancin Filandas sau da yawa, amma ba a koyar da ko lissafin sakandare da ita, ya dace ya tsaya a gindin ginin nan ya ɗan jima.

Ga mai niyyar zuwa, yini ɗaya zai isa ganin manyan wuraren, kwana biyu sun fi. An hana yawancin motoci shiga tsakiyar garin, don haka tafiyar ƙafa ce, kuma duwatsun daɓen titi ba sa raga wa takalmi mai santsi. Daga tashar jirgin ƙasa ta Sint-Fitas, ita ma ginin 1912, akwai jirgin cikin gari da ke kaiwa tsakiyar birni. Hasumiyar ƙararrawa na da lif daga hawa na farko, fadar kuwa matakala ce zalla, matsattsiya mai murɗewa. Batun abinci kuma, a bayan fadar kaɗan akwai titin Slefstrat, inda jikokin leburorin Turkiyya da suka zo aikin masaƙu tun shekarun 1960 suke da gidajen abinci da mahautan halal, kuma masallatai ba su da nisa daga nan.